Darasi na Goma Sha Ɗaya: Ilimin Kufai da Sana'o'insa a Tsohon Gandun Bayi na Monticelo

MANUFOFIN DARASI

Idan ɗalibi ya kai ƙarshen wannan darasi, in Allah ya yarda, zai iya:

1. faɗin ma'anar ilimin kufai, da irin hujjojin da yake dogara da su;
2. bayyana yadda ake tono bisa ƙa'ida, da yadda ake gane shekarun abin da aka tono;
3. kawo misalin abin da ƙasa ta bayyana game da zaman bayi a wani gandu na Amurka;
4. lissafa sana'o'in da ke cikin wannan fanni, da hanyar da ake bi a kai gare su.

1. GANDUN DA MUKE MAGANA A KANSA

A jihar Birjiniya ta ƙasar Amurka, a kan wani tudu kusa da garin Shalotsbil, akwai wani tsohon gandu da ake kira Monticelo, wanda faɗinsa ya kai eka 5,000 a zamanin ubangijinsa. Mai gandun kuwa shi ne Thomas Jefferson, wanda ya tsara takardar shelar 'yancin Amurka a 1776, ya kuma zama shugaban ƙasar na uku daga 1801 zuwa 1809. Wannan mutum, da yake ya rubuta da hannunsa cewa an halicci mutane daidai da juna, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa, kimanin 400 daga cikinsu a Monticelo suka zauna, biyu kacal ya 'yanta yana raye, biyar kuma a cikin wasiyya. Da ya rasu a 1826 da nauyin bashi a wuyansa, sai aka fara gwanjon dukiyarsa a watan Janairu na 1827, har aka sayar da mutane kimanin 130, aka raba uwa da ɗanta, aka raba miji da matarsa.

Gidan Jefferson yana nan tsaye har yau, an kuma shigar da shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1987. Amma ɗakunan waɗanda suka haƙa masa harsashi, suka gasa tubalinsa, suka nome gonakinsa, mafi yawansu na katako ne, sun ruɓe, ciyawa ta rufe gurbinsu. To, ta yaya za a san yadda waɗannan bayin Allah suka ci, suka kwana, suka reni 'ya'yansu, alhali mafi yawansu ba su bar rubutu ba? Amsar wannan tambaya ita ce aikin ilimin da za mu karanta.

AKWATIN MA'ANA
Kufai: wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi, ya rage sai alamun zamansu.
Ilimin kufai: nazarin rayuwar mutanen da suka shuɗe ta hanyar kayan da suka bari a ƙasa.
Ilimin kufai na zamanin rubutu: reshen da ke binciken wuraren da akwai takardu a kansu, yana gwama shaidar takarda da shaidar ƙasa.
Gandu: babbar gona ta mai mulki ko attajiri wadda, a wannan darasi, bayi ne ke nomanta.

2. SHAIDU UKU

Kamar yadda alƙali adali ba ya yanke hukunci da maganar mai ƙara shi kaɗai, sai ya kira shaidu ya gwada maganar wannan da ta wancan, haka nan mai wannan ilimi yake zaunar da shaidu uku a gabansa.

Shaida ta farko ita ce takarda. Jefferson mutum ne mai yawan rubutu, yana da littafin lissafin gona wanda a ciki ya jera sunayen bayinsa, da shekarun haihuwarsu, da abin da ake raba musu na abinci da tufafi. Akwai kuma wata taswira da ya zana a 1796 domin inshora, wadda ta nuna gine-ginen da ke jere a wani titi da ake kira Layin Malbari, kusa da babban gida, inda maƙera da masassaƙa da ɗakunan ajiya da ɗakunan kwanan bayi suke, ya sa wa kowane gini harafi. Sai dai takarda ta wannan iri idon ubangida ce, tana ganin bawa a matsayin dukiya da ƙarfin aiki, ba ta kula da abin da yake yi bayan faɗuwar rana ba.

Shaida ta biyu ita ce riwayar baka. Tun daga 1993 ma'aikatan tarihi na Monticelo, bisa jagorancin Lucia Stanton da Dianne Swann-Wright, suka fara bin zuriyar waɗannan bayi gari-gari, suna ɗaukar abin da kakanni suka gaya wa jikoki, suna kuma bin isnadin kowane labari gwargwadon iko.

Shaida ta uku ita ce ƙasa, wadda ba ta san ubangida ba, ba ta san bawa ba, abin da ya faɗa cikinta shi take riƙewa: tsingaron kwano, da ƙashin nama, da ƙusa, da maɓalli, da toka. Wanda ya fara tonon ɗakunan bayi da niyyar sanin rayuwarsu shi ne Charles Fairbanks, a gandun Kinsili na jihar Filorida a 1968. A Monticelo kuwa William Kelso ne ya buɗe babban aikin Layin Malbari daga 1979, daga bisani Fraser Neiman ya ɗora a kai.

3. YADDA AKE TONO

Ya kamata ɗalibi ya san cewa tonon masana ya sha bamban da tonon mai neman tukunyar azurfa, domin kuwa duk wanda ya tone kufai ya rushe shi, ba kuwa za a iya mayar da shi yadda yake ba har abada; saboda haka ne ake ɗaukar aikin a matsayin amana, ba a ɗaga ko da tsinke sai an rubuta inda aka same shi.

Mataki na farko shi ne laluben fili. A dazukan Monticelo, inda gonaki suke a da, ma'aikata kan ja layuka, su riƙa haƙa ƙaramin rami da shebur a kowace tazarar ƙafa 40, su tankaɗe ƙasar da rariyar waya, su ƙidaya abin da ya tsaya a kanta. Inda ramuka da dama a jere suka ba da ƙusoshi da tsingaro, an san nan ɗaki ya taɓa tsayawa, ko da babu takardar da ta ambace shi.

Mataki na biyu shi ne buɗe murabba'i. Akan kafa turaku, a ɗaura zare, a raba wurin gida-gida, kowane gida da lambarsa. Daga nan sai mai tono ya durƙusa da cokalin magina, yana kankare ƙasa a hankali, idonsa a kan launinta, domin inda turken ɗaki ya ruɓe yakan bar tabo mai duhu, zagayayye, a cikin jar ƙasar wannan tudu, inda aka yi murhu kuma ƙasa kan ƙone ta yi tauri. Duk abin da ya fito sai a zuba shi a jaka, a rubuta lambar murabba'i da lambar shimfiɗa a jikinta, a zana taswira, a ɗauki hoto.

Mataki na uku, wanda ya fi sauran cin lokaci, a ɗakin bincike ake yinsa: wankewa, da shanyawa, da tantancewa, da aunawa, da shigar da bayanin kowane guntu cikin kwamfuta.

AKWATIN MA'ANA
Shimfiɗar ƙasa: kashin ƙasa guda mai launi da laushi nasa, wanda ya taru a lokaci ɗaya. A ƙa'ida, ta ƙasa ta girmi ta sama.
Mazaunin kaya: ainihin wurin da aka sami abu, da zurfinsa, da abubuwan da ke tare da shi. Kayan da aka raba da mazauninsa ya rasa mafi yawan hujjarsa.
Iyakar farko: shekarar da shimfiɗa ba za ta riga ta taruwa ba, wadda ake sani daga abin da ya fi sabunta a cikinta.

4. SANIN SHEKARU

Misali na ɗaya. A ƙaddara wani magidanci yana haƙa masai a bayan gidansa, inda tsohon juji yake. A sama ya tarar da ledoji da katin waya da aka kankare. Da ya nutsa kamu uku sai ga kwabo da fasasshen kwanon sha. Can ƙasa kuma ga anini mai huda da tsingaron tukwane. Katin waya bai yaɗu a Nijeriya ba sai daga 2001, don haka shimfiɗar sama ba ta riga wannan shekara ba. Kwabo na tsarin naira ya fito a 1973, don haka ta tsakiya ba ta riga 1973 ba, ko da yake tana iya zama bayan haka da shekaru, tun da kuɗi kan daɗe a hannun mutane kafin ya faɗi. Idan kuwa aka sami anini a shimfiɗar sama tare da katin waya, hukunci na katin ne, domin tsohon abu yana iya shiga sabuwar shara, amma sabon abu ba ya shiga tsohuwa sai in an tone ta.

Misali na biyu. A gandayen Amurka babban ma'aunin zamani shi ne tangaran da ake kawowa daga Ingila, saboda an san lokacin da masana'antu suka fara kowane iri da lokacin da suka daina. Akwai wani mai launin man shanu da aka yi daga wajen 1762 zuwa 1820, tsakiyar zamaninsa ke nan 1791. Akwai kuma wani fari mai ɗan shuɗi-shuɗi da aka yi daga wajen 1780 zuwa 1830, tsakiyarsa 1805. Wani masani mai suna Stanley South ya tsara hanyar lissafi da su. A ƙaddara an sami tsingaro 60 na farko da 40 na biyu a rami guda:

60 sau 1791 ya ba da 107,460
40 sau 1805 ya ba da 72,200
jimla 179,660, a raba da 100, ya ba da 1796.6

Ke nan tsakiyar zaman mutanen wannan ɗaki ya faɗa wajen 1797. Wannan ƙiyasi ne mai ƙarfi, amma bai kai matsayin yaƙini ba sai wata hujja ta dafa masa, kamar taswirar 1796 da muka ambata.

5. ABIN DA ƘASA TA BAYYANA

Game da abinci, littafin gona ya nuna cewa rabon baligi a mako shi ne ma'auni guda na garin masara, da rabin laba na nama, da ɗan kifi mai gishiri. Ƙasa kuwa ta ƙara bayani, domin a jujin ɗakuna an sami ƙasusuwan dabbobin gida tare da na namun daji irin su barewa da zomo, da na tsuntsaye da kifi, da yawansu an sassare su ƙanana yadda za su shiga tukunyar romo. Littafin cefane da jikar Jefferson ta riƙe ya kuma nuna bayi suna sayar wa babban gida kaji da ƙwai da kayan lambu. Idan aka haɗa waɗannan shaidu, sai a ga mutanen da, bayan sun yini suna aikin wani, suke farauta da su da noman ɗan lambu a lokacin hutunsu, domin su cika cikin 'ya'yansu, su kuma sami ɗan kuɗin sayen maɓalli da kwanon da ransu yake so.

Game da aiki, takardu sun ce a 1794 Jefferson ya kafa maƙerar ƙusa, inda yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 ke yini a bakin wuta, shi kuwa yana auna ƙarfen da aka ba kowane yaro da nauyin ƙusar da ya ƙera, domin ya san abin da ya salwanta. Masu tono sun tarar da gurbin maƙerar cike da guntayen sandar ƙarfe da lanƙwasassun ƙusoshin da suka lalace a hannun yaran, wanda duk ya ɗauki guda a tafinsa ya taɓa abin da hannun yaro bawa ya jefar.

Game da iyali, akwai wata mas'ala mai zurfi. A ƙarƙashin daɓen tsofaffin ɗakuna, na wajen shekarun 1770, an sami ramukan ajiya da dama a ɗaki guda. A ƙananan ɗakunan shekarun 1790 kuwa, masu faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 14, rami guda ake samu, ko ma babu. Neiman ya fassara wannan da cewa da fari ana cusa mutanen da ba dangin juna ba a ɗaki ɗaya, kowa na bukatar ramin da zai adana ɗan abinsa, daga baya kuma suka sami zama iyali-iyali, bukatar ta ragu. Wasu masana sun ce wasu ramukan na ajiyar dankali ne, wasu kuma suna ganin akwai waɗanda aka keɓe domin ibada irin ta gargajiyar Afirka. Saɓanin malamai a nan alheri ne, domin shi ke sa a koma a sake duban hujja. Wannan canji na zaman ɗakuna ya zo daidai da lokacin da gandun ya bar noman taba ya koma alkama, aka ajiye fartanya aka ɗauki garmar dabbobi, mazaunan bayi suka warwatsu nesa da gidan mai tsaronsu. Ƙasar da garma ta kwance, ruwa ya kwashe, tana nan jibge a kwarurrukan gindin tudun, masana na karanta ta shimfiɗa bayan shimfiɗa.

A Layin Malbari an kuma tono guntun allon dutse da alƙalumansa, alamar cewa akwai masu neman karatu a cikinsu, da kuma ƙwayar wuri guda, irin wurin nan da aka yi ciniki da shi a kasuwannin Afirka ta Yamma har da Kurmi ta Kano. Masani na gari zai ce wurin yana nuni ga alaƙa da Afirka, amma ba zai ƙaga sunan mai shi ko ƙabilarsa ba, domin hujja ba ta kai nan ba.

6. HURUMIN MATATTU DA HAƘƘIN ZURIYA

A 2001 masu bincike suka tabbatar da wata maƙabartar bayi a gindin tudun, mai kaburbura sama da 40. Sun ɗauke ƙasar sama kawai, har siffar bakin kaburbura ta bayyana, suka tsaya nan, ba su taɓa gawa ko ɗaya ba, aka kewaye wurin aka mutunta shi. Wannan ladabi an koye shi ne da wahala, musamman bayan jayayyar da ta tashi a birnin Niyok a 1991, sa'ad da aikin gini ya tono maƙabartar 'yan Afirka, jama'arsu suka tashi tsaye har aka danƙa binciken ga Michael Blakey na Jami'ar Howard, aka kuma sake binne mutum 419 cikin girmamawa a 2003. Ƙa'idar da masu hankali suke bi a yau ita ce a nemi shawarar zuriya tun kafin a kafa turke, domin abin da yake kayan nazari a wurin masani, kaka ne a wurin wani.

7. SANA'O'IN DA KE CIKIN WANNAN FANNI

Aiki irin wannan ba ya yiwuwa da hannu ɗaya, ga kuwa waɗanda suke cin abinci a cikinsa:

Ma'aikacin fili, mai shebur da rariya da cokali, wanda ke bukatar lafiyar jiki da kaifin ido da rubutu mai tsabta.
Ma'aikacin ɗakin bincike, mai tantance kaya, wanda zai dubi tsingaro kamar farce ya faɗi irinsa da zamaninsa.
Masanin ƙashin dabbobi da masanin tsirrai, masu gano abinci daga ƙashi da ƙonannun iri.
Mai safiyo da taswira, mai auna fili da na'ura.
Mai adana kaya, wanda ke tsayar da tsatsa kada ta cinye ƙarfen da aka fito da shi.
Mai kula da taskar bayanai. A shekarar 2000 aka kafa a Monticelo wata taska mai suna DAACS, wadda ke tara bayanan kufan bayi na Amurka da tsibiran Karebiyan bisa ma'auni ɗaya, ta sa su a intanet kyauta domin a gwada wani gandu da wani.
Mai ɗaukar riwayar baka, da mai yi wa baƙi jagora, da malamin da ke koyar da 'yan makaranta.

Hanyar shiga kuwa tana farawa da digiri na farko a ilimin kufai ko tarihi ko nazarin al'umma, tare da halartar makarantar fili, wato horon makonni da ake yi a bakin rami, irin wanda Monticelo ke shiryawa da Jami'ar Birjiniya a lokacin zafi. Mai son ya shugabanci aiki yakan ƙara digiri na biyu, mai son koyarwa a jami'a kuma na uku, kamar Theresa Singleton, Ba'amurkiya 'yar asalin Afirka, wadda ta sami digirin digirgir a Jami'ar Filorida a 1980, ta zama jigo a binciken gandayen bayi. Mafi yawan guraben aiki a Amurka sun samu ne daga wata doka ta 1966, wadda ta wajabta a duba wuraren tarihi kafin a yi aikin da gwamnatin tarayya ke da hannu a ciki. Gaskiya ce kuma a faɗa wa mai sha'awa cewa aikin farko sau da yawa na ɗan lokaci ne, albashinsa matsakaici, ga rana ga ciwon gwiwa. Jarinsa haƙuri ne da riƙon amana, domin ma'aikacin da ya rubuta lambar ƙarya a jaka guda ya ɓata shaidar da babu mai iya maido ta.

8. ABIN DA YA SHAFE MU

Ƙasar Hausa ma ta san gandu da rinji, sunayensu suna nan manne da unguwanni da ƙauyuka da yawa. Malam Mohammed Bashir Salau ya yi littafi a kan gandayen Fanisau, arewa da birnin Kano, inda bayi suka yi noma a ƙarni na 19. Tsarin bauta a nan da na Amurka ba ɗaya ba ne ta fuskar shari'a da al'ada, amma matsalar tarihi iri ɗaya ce: marubuta sun kiyaye sunayen sarakuna da malamai, manoma da bayi da mata kuwa ba su sami alƙalami ba. Akwai sashen wannan ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Ibadan, da ta Nsukka, akwai kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Wanda duk ya ci karo da tsohon kaya a gona ko wurin gini, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya bar shi a mazauninsa, ya sanar da mai unguwa da gidan tarihi mafi kusa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne ilimin kufai na zamanin rubutu, kuma waɗanne shaidu uku yake dogara da su?
2. Don me littafin gonar Jefferson shi kaɗai bai isa a san rayuwar bayinsa ba?
3. Bayyana matakai uku na aikin tono, ka faɗi wanda ya fi cin lokaci.
4. An sami kwabo da katin waya a shimfiɗa ɗaya. Wace shekara ce iyakarta ta farko, kuma don me?
5. An sami tsingaro 30 mai tsakiyar zamani 1791, da 70 mai tsakiyar zamani 1805. Lissafa tsakiyar zaman wurin.
6. Kawo fassara biyu da masana suka yi wa ramukan ƙarƙashin ɗaki.
7. Yaya aka yi da maƙabartar da aka tabbatar a 2001, kuma wane darasi ke cikin haka?
8. Lissafa sana'o'i biyar na wannan fanni, ka zaɓi guda ka faɗi halayen da take bukata.
9. Aikin gida: tambayi wani dattijo a garinku labarin wani kufai da ke kusa, ka rubuta abin da ya faɗa, da sunan wanda shi ma ya ji daga gare shi.